Kujerar Bakin Taga

A filin jirgin babu mai kiranta da sunanta. Direba ake ce mata. Wani tsoho ne ya laƙaba mata, ranar da ta ratsa da shi tsakanin tulin akwatunan matafiya ba tare da ta gogi ko ɗaya ba. Ya ɗaga sandarsa ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, Direba!" Abokan aiki suka ji, suka riƙe. Yanzu har shugaban sashensu, in ya ɗauki wayar aiki, cewa yake yi, "Direba, ƙofa ta huɗu, tsohuwa ɗaya da jaka biyu."

Aikinta tura keken guragu ne. Ta ɗauki mutum daga ƙofar shigowa, ta kai shi wurin awon kaya, ta bi da shi wurin bincike, ta miƙa shi har kujerarsa cikin jirgi in ta kama. Shekararta goma sha bakwai a kan wannan, kafin nan kuma ta yi takwas a asibiti tana tura gadon marasa lafiya. Ta ba hamsin baya da shekara biyu. Takalmanta duk ta dunduniyar hagu suke fara cinyewa, don da ita take danne ƙarfen baya idan za ta hau da keke kan dakali. Ba ta taɓa tashi a jirgi ba. Ta san cikinsa kamar ɗakin kwananta, amma a ƙasa ta san shi, lokacin da masu shara ke fita, fasinjoji ba su shigo ba.

Yawancin waɗanda take turawa ba guragu ba ne. Tsofaffi ne da ƙafafunsu, sai dai ƙafafun ba a yi su don wannan dogon baranda mai santsi ba. Ta daɗe da gane cewa ba tafiyar ce kaɗai ke wahalar da su ba. Lasifika ce da ke magana kamar mai cin abinci da zafi. Allon rubutu ne da ke sauyawa kafin mutum ya gama ciro tabarau. Sannan ga 'ya'yansu.

"Madam, don Allah ki kula da ita, ba ta gane komai," in ji ɗa, yana magana ta saman kan uwarsa.

Direba sai ta durƙusa daidai fuskar tsohuwar ta ce, "Mama, ina maganinki?"

"Yana cikin babban akwati. Shi ya sa a can."

"To, buɗe akwatin nan, ɗan'uwa. Akwati na iya kwana a wani gari, amma hawan jinin Mama tare za su sauka."

Akwai kuma masu ƙin keken sam. Yawanci maza ne, tsofaffin malamai da tsofaffin ma'aikata, waɗanda suka saba su ake tashi wa. Da su take yin dabararta. Ba ta cewa su zauna. Sai ta ce, "Baba, jakar nan ta yi maka nauyi, mu ɗora ta a keke. Ka taimaka ka riƙe mini hannun keken, kafaɗata na ciwo." Sai ka ga tsoho yana tura jakarsa, ya samu abin dogarawa bai sani ba. Kafin su kai rabin baranda numfashi ya fara sama-sama, ta ce, "Jakar nan fa ta huta. Ku yi musanya mana." Goma in ta yi wa, takwas suna zama, suna dariya.

A wurin masu ba da kujera kuwa har sun haddace ta. Da sun hango ta tafe da tsoho sai su riga ta: "Bakin hanya, kusa da banɗaki. Mun ji, Direba." Ba ta taɓa yarda a cusa mata tsoho can ciki ba. Tana cewa wanda ya wuce saba'in ba kallo ya fito yi ba, hanyar fita yake nema.

A gida tana da nata tsohon. Mahaifinta kafinta ne, ya yi shekara hamsin yana ƙera wa mutane kujeru da ƙofofi kafin bayansa ya ce ya isa. Da mahaifiyarta ta rasu, maigidanta da kansa ya je ya ɗauko shi ya ba shi ɗakin da ke kusa da famfo. Har yanzu da ma'aunin awo a aljihunsa yake yawo, kuma ba ya zama a kan kujera sai ya girgiza ta ya ji ko ƙafafunta sun daidaita. Uwata yake ce wa Direba. Idan ta dawo daga aiki ta tsoma ƙafafu a ruwan ɗumi, shi ne mai sauraron labaran filin jirgi, yana dariya har da tari.

Ranar wata Litinin ɗan Goggo ya bugo waya. Goggo yayar Baba ce, ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsu, kuma rabonsu da ganin juna shekara goma sha ɗaya, tun da ta bi ɗanta can garin da yake aiki. Tafiyar kwana biyu ce a mota, bayan Baba kuwa ko ta awa uku ba ya ɗauka. Ɗan Goggo ya ce likitoci sun ce mai son ganinta ya zo cikin satin nan. Ya ce ba ta cika magana ba yanzu, amma in ta farka sai ta tambaya ko Ƙaramin ya iso. Ƙaramin da take nufi shekararsa saba'in da tara.

Tikiti ɗaya ya aiko, na jirgin safiyar Alhamis, tafiyar awa biyu da rabi. Direba ta ce wa maigidanta kada ya damu. In dai tsoho da jirgi ne, ai an zo gidan.

Washegari ta je wurin yarinyar da ke ba da kujeru.

"Bakin hanya, kusa da..."

"A'a, tsaya. Wannan nawa ne. Ba ni jikin taga, can gaban fuffuke inda ba abin da zai tare masa."

Yarinyar ta ɗago ta dube ta, ta yi murmushi, ta danna.

Da yamma ta kai wa Baba takardar tana rawar jiki. Ta ce masa zai ga gari ya koma kamar akwatunan ashana, zai ga gajimare a ƙarƙashinsa, ya lura da komai ya dawo ya ba ta labari, tunda ita kullum a bakin ƙofa take tsayawa. Ya nisantar da takardar daga idonsa yana dubawa.

"Mutum nawa ne a jere?"

"Uku, Baba."

"Ni ina ta ina?"

"Can ciki, jikin taga. Ba mai damunka."

"Biyun nan fa, su wane ne?"

"Fasinjoji mana. Allah kaɗai ya san su."

Ya ninke takardar gida huɗu ya sa a aljihu. "To, madalla," in ji shi.

Ta san Baba na shan ƙwayar hawan jini mai sa fitsari. Ita ke karɓo masa. Ta san ƙarar ƙofar banɗakin gidansu, ta san sau nawa take buɗuwa tsakanin hantsi da azahar. Amma abu ne da 'ya ba ta tayar wa uba, shi ma bai taɓa tayarwa ba, har ya zama kamar ba ta sani ba. Ranar Laraba da ya ture kofin ruwa bayan cin abincin rana, ba ta gida. Safiyar Alhamis da ya bar shayinsa ya huce, ta ce zumuɗin tafiya ne. Ta miƙa masa ƙwayar, ya haɗiye ta da kurɓi ɗaya.

A ƙofar filin jirgi Dogo na jiransu da keke. Dogo abokin aikinta ne, sa'anta, sun shekara goma suna faɗa a kan wane ne ya bar keke ba birki. Ya goge kujerar keken fes, ya rusuna ya gaida Baba.

Baba ya zagaya keken, ya kama bayansa ya girgiza. "Wa ya yi wannan? Bai taɓa zama ba a rayuwarsa."

"Baba, jakar nan ta yi maka nauyi," in ji Direba, "mu ɗora ta..."

"Uwata. Ni za ki yi wa? Ni da kike ba ni labarin ina dariya?"

Dogo ya juya baya yana ƙunshe dariya. "Wanzami ba ya son jarfa, Direba. Mai ƙera kujera ne."

"Yayata ta goya ni," in ji Baba. "Ba za a ce mata an turo ni kamar buhu ba. Mu je."

Suka tafi, shi a gaba da sandarsa, ita a gefe riƙe da jaka, Dogo a baya da keken da ba kowa. A wurin bincike aka karɓi sandar aka tura ta cikin na'ura, ya tsaya hannu sake, ya ɗan yi tangaɗi, ya ce santsin ƙasa ne. Barandan da take ratsawa sau ashirin a rana bai taɓa yi mata tsawo irin na ranar ba. Duk wanda suka wuce sai ya tsaya ya gaida mahaifin Direba, shi kuma yana amsawa da murya can ƙasa. Ta ga leɓɓansa sun yi fari. Da na wani ne, da tuni ta tsaya ta tambaya.

Suna isa ƙofar shiga aka fara kiran fasinjoji, tsofaffi da masu yara a gaba. Baba ya shiga layi. Ya sa hannu a aljihu zai ciro takardar, sai hannun ya tsaya a can. Gwiwoyinsa suka lanƙwashe a hankali kamar ana naɗe tabarma. Dogo ne ya cusa keken ƙarƙashinsa kafin ya kai ƙasa.

Ɗakin shan magani na filin jirgin ƙarami ne, gado biyu da labule a tsakani. Nas ɗin da ke aiki ranar ta auna jininsa, ta tsuke baki, ta sake aunawa. Ta mintsini fatar bayan hannunsa ta saki, fatar ta tsaya a tsaye ta ƙi komawa.

"Baba, buɗe baki. Yaushe rabonka da ruwa?"

Ya dubi rufin ɗaki.

"Baba, da kai nake."

"Jiya. Da hantsi."

"Kuma ka sha ƙwayarka yau?"

"Ni na ba shi," in ji Direba.

Ta tagar ɗakin ana ganin jirgin yana ja da baya. Ya juya ya tafi. Nas ta ce akwai wani da ƙarfe huɗu na yamma, daga shi kuma sai Lahadi. Ta ce idan jininsa ya dawo daidai kafin ƙarfe biyu za ta sa hannu ya tafi, idan bai dawo ba ko shugaban filin jirgi ne ya zo ba za ta sa ba. Ta haɗa ruwan gishiri da sukari a babban kofi ta miƙa masa.

Ya karɓa ya ajiye a kan teburi.

"Baba, sha mana," in ji Direba.

"Ba na jin ƙishi."

"To sai in sa maka ƙarin ruwa ta jijiya," in ji Nas.

"Ko ta jijiya ko ta baki, 'yar nan, ai inda za shi ɗaya ne."

Direba ta fara. Ta ce masa Lahadi ta yi nisa, ta tuna masa abin da likitoci suka ce, ta ce wannan wane irin taurin kai ne, mutum da hankalinsa ya hana kansa ruwa kamar ƙaramin yaro. Tana cikin faɗa ta ji irin muryar da ke fita daga bakinta, muryar 'ya'yan nan da ke magana ta saman kan iyayensu. Ta katse faɗan. Baba bai dube ta ba.

Dogo ya taɓa mata kafaɗa. "Je ki gyara masa tikiti. Bar ni da dattijo."

Ta ciro takardar daga aljihun Baba ta fita, amma ba ta yi nisa ba. Ta tsaya bayan labule, wai tana duba takardar. Ta ji Dogo ya ja kujera ya zauna da nishi.

"Wallahi Baba, ni ma na fara. Da can in na fito aiki sai azahar. Yanzu na san kowane banɗaki a ginin nan, har na manyan baƙi."

Sannan muryar Baba, a hankali.

"Shekarunka nawa?"

"Hamsin da uku."

"Yaro ne kai. Jira ka ga." Ya yi tari. "Ni idan matsuwar fitsari ta zo, ba ta sallama. Ba ta jira in gama neman sanda. A gida taku shida ne daga gadona, na auna. To ka dubi nan. An sa ni can ƙurya, mutum biyu a bakin hanya, ban san su ba, wataƙila ma mata ne. Awa biyu da rabi. Sau nawa zan ce ku tashi? In na ce sau ɗaya, na ce sau biyu, na uku fa? In suna barci? In kuma ban kai ba, a kan kujerar mutane, a sama, ba inda zan ɓuya? Sai a sauke ni a gaban ɗan yayata a jiƙe?"

"Ai da ka faɗa wa Direba. Minti ɗaya ta sauya maka."

"Ita ta zaɓa mini. Ba ka ga fuskarta ba da ta kawo takardar. Wai in ga gajimare in zo in ba ta labari. Shekara nawa tana kai mutane bakin abin nan tana dawowa? Sai in ce mata ba na so, saboda fitsari? Na ce kwana ɗaya ba ruwa ai ba ya kisa."

Direba ta tsaya riƙe da takardar. Tsofaffi dubu nawa ta tambaya me suke tsoro, ta durƙusa ta saurara. Nata guda ɗaya ba ta tambaye shi ba. Ta ba shi abin da ita take so, shi kuma ya karɓa don kada ya kunyata ta. Ta share fuska da gefen mayafi ta nufi wurin masu kujera.

Jirgin yamma ya kusa cika. Yarinyar ta daɗe tana danne-danne, ta kira shugabanta, aka matsar da wani fasinja gaba, aka samu kujerar bakin hanya a layi na biyu daga baya. Ba ta yi wa Direba tsiya ba. Ta miƙa mata sabuwar takarda ta ce, "Allah ya ba shi lafiya, Anti."

Da ta dawo, kofin na nan a cike. Ba ta ambace shi ba. Ta jawo kujerun roba biyu ta jera su a tsakiyar ɗakin, ta bar siririyar hanya a tsakani. Sannan ta durƙusa a gaban gadon, daidai fuskarsa.

"Baba, ara mini ma'auninka."

Ya dube ta da mamaki, ya ciro ya ba ta. Ta ja shi daga ƙafar kujera zuwa bango, ta sa yatsa.

"An sauya maka wuri. Wannan ce kujerarka, bakin hanya, ba kowa tsakaninka da fita. Daga nan zuwa ƙofar banɗaki ga shi, taku huɗu. Na bi wurin ya fi a ƙirga. Ba ka buƙatar sanda, bayan kujeru za ka riƙa dafawa, suna da ƙarfi. Sai dai minti ashirin na tashi da ashirin na sauka, nan kam ana zama. Shi ya sa za ka shiga na ƙasa daf da hawa, Dogo zai raka ka."

Baba ya leƙa ma'aunin. "Huɗu nawa ko huɗu naki?"

"Tashi ka gwada."

Dogo ya kama shi ya miƙe. Ya dafa kujerar farko, ya dafa ta biyu, ya taɓa bango. "Biyar," in ji shi. "Ƙafarki ta fi tawa tsawo."

"To biyar. Ai bai kai na gida ba."

"Ƙofar fa? Ja ake yi ko turawa?"

"Naɗewa take yi. A tsakiya za ka tura, sai ta ninke ciki."

"Irin wadda na yi wa shagon tela?"

"Irinta sak, sai dai taka ta fi ta nauyi. Akwai sakata daidai ƙirjinka, in ka ja ta fitila za ta kama. Akwai ƙarfen riƙewa a dama. Kuma Baba, in ka danna abin wankewa zai yi ƙara kamar zai haɗiye ka. Ba ya haɗiye kowa."

"Ya taɓa haɗiye hular wani," in ji Dogo.

"Kai dai Allah ya shirye ka," in ji Baba. Ya koma ya zauna a bakin gado yana naɗe ma'auninsa. Ya daɗe yana kallon kujerun robar nan biyu. "Gajimaren fa, Uwata?"

"Su ma fasinjoji ne, Baba, kullum suna hanya. Goggo ce ba ta jira."

Ya miƙa hannu ya ɗauki kofin. Ya sha rabi, ya yamutsa fuska, ya ce wanda ya haɗa wannan bai san sukari ba bai san gishiri ba. Nas ta ce a gama shi tukuna sannan a kai ƙara. Ya shanye, ta sake cikawa.

Tsakanin hantsi da ƙarfe biyu ya sha kofi biyar, ya ci burodi, ya fita da Dogo sau uku. A na ukun suka dawo suna gardama a kan ko ƙofar banɗakin filin jirgin a karkace take. Direba na can tana aikinta, don tsofaffin wasu ba su daina zuwa ba, amma duk wanda ta kai ƙofa sai ta biyo ta leƙa. Ɗan Goggo ya bugo sau biyu. Ta ce masa an samu jinkiri, suna nan tafe da yamma in Allah ya so. Ya ce Goggo ta farka ɗazu ta koma barci. Bai ƙara komai ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Ƙarfe biyu saura kwata Nas ta ɗaura masa abin awo. Ta dubi allura, ta sa shi ya tsaya, ta sake aunawa a tsaye. Ta ɗauki biro.

"Ka ci gaba da sha a cikin jirgi, Baba. Kada ka ji kunyar kowa. Duk wanda ka gani a ciki da mafitsararsa ya hau."

A bakin ɗakin keken na jingine. Direba ta tsaya a gabansa ta ce, "Baba, da ƙafa ko a keke? Yadda ka ce."

Ya dubi tsawon barandan, ya dubi keken. "Ƙarfin da ya rage mini na yayata ne, ba na barandan nan ba. Amma a bakin jirgi zan sauka in shiga da ƙafata. Can ma in an sauka haka."

"Zan buga musu in faɗa."

Ya girgiza keken tukuna, sannan ya zauna. Duk tsawon hanya yana bayanin inda aka yi kuskure a majinginarsa. A bakin jirgi ta taka birki, ya miƙe, ya gyara hula, ya shiga yana dafa bayan kujeru ɗaya bayan ɗaya, ita tana biye da jaka har layi na biyu daga baya. Ta ɗaura masa bel, ta sa kwalbar ruwa a aljihun gabansa, ta nuna masa ƙofar da ido. Ta ja ma'aikaciyar jirgin gefe ta yi mata magana ƙasa-ƙasa. Da za ta fita ta waiwaya, ta ga ya miƙa wuya yana ƙare wa ƙofar kallo, irin kallon mai sana'a.

Tana gida tana yanka albasa, dare ya fara yi, wayarta ta yi ƙara. Ɗan Goggo ne. Ya ce sun iso asibiti, bari ya sa ta ji. Ta ji takun sanda a kan siminti, ta ji an ja kujera, ta ji an girgiza ta. Sannan muryar Baba.

"Yaya. Yaya, ni ne."

Ta duba ko wayar ta yanke. Sai wata murya siririya, kamar daga ƙasan rijiya.

"Ƙarami? Kai ne ka tsufa haka?"

"Ke kuma fa? Kin ga kanki?"

"Tun safe aka ce kana hanya. Kai dai har yau ba ka zuwa aike da wuri."

"Jirgi ne ya tafi ya bar ni."

"Ƙarya kake. Wani abin ka tsaya yi. Matso in ga... Wa ya yi maka wannan askin?"

Sun manta da ita a kan waya. Ta ajiye wuƙar ta zauna a kan turmi tana sauraro, suna musu a kan wanda ya fasa tulun uwarsu shekara saba'in da suka wuce, har ɗan Goggo ya tuna da ita ya ce mata, "Yaya, sai anjima," ya kashe.

Goggo ta ƙara kwana tara a duniya. Baba na gefen gadonta duk taran. Ɗanta ya ce babu ranar da ba su yi faɗa ba.